Ranar da Aka Buɗe Jijiyar Auta

"Riƙe min waɗannan, Yaya," in ji Auta. Ya zuba wa Dogo waya da agogo da makullin shago a tafin hannu, nas kuwa ba ta jira ya gama magana ba ta fara tura gadon. Yana kwance cikin rigar asibiti mai ɗauri ta baya, yana ɗaga wa mutanen da ke jere a baranda hannu kamar wanda ake rakawa filin jirgi.

"In ban fito ba, jar kilifar askin nan tawa na bar maka," ya ce. "Amma don Allah ka riƙa sa mata mai, ba irin riƙon da kake wa taka ba."

"Kai dai bakinka ba ya gajiya," in ji matarsa. Tana dariya, tana goge ido da bakin gyale.

Dogo bai yi dariya ba. Ya bi gadon da ɗingishinsa har bakin ƙofar nan mai ganye biyu, ya ce, "Allah ya sa a yi a sa'a," ƙofar ta rufe a fuskarsa. A cikin gilashinta ya hango kansa: dogon mutum mai furfura a gefen kunne, ƙafar dama cikin takalmi, ta hagu naɗe da bandeji, an cusa ta cikin silifan da aka yanke wa maɗauri. Ya kawar da kai.

Ya koma benci ya zauna nesa kaɗan da matar Auta. Zama da ƙafa a ƙasa azaba ce a gare shi, don ba a jimawa jini zai taru ta fara zugi, sai ya shiga waige-waige yana neman abin da zai ɗora ta. Babu komai sai kwandon shara. Ya jawo shi ya ɗora dunduniya a bakinsa. Wata mata da ke gefensa ta ɗan shaƙi iska, ta tattara jakarta ta matsa can ƙarshen benci. Ya san dalili. Da safe sai da ya fesa wa bandejin turare kafin ya fito, amma gyambo ba ya jin turare sai na ɗan lokaci.

Shago ɗaya gare su shi da ƙanensa, shagon aski mai kujera biyu da dogon madubin da ya cinye bango. Dogo ne ya buɗe shi tun yana saurayi. Shi ya ɗauko Auta daga yawon ƙwallo ya danƙa masa tsintsiya, daga tsintsiya zuwa almakashi, daga almakashi zuwa reza. Yanzu Auta har ya aurar da 'yarsa ta fari, amma har gobe Auta ake ce masa, kuma har gobe duk wanda ya shigo shagon shi yake fara yi wa murmushi. Tun suna yara haka abin yake. In an aike su tare, Dogo ne ke ɗauko kayan, Auta ne ake shafa wa kai.

Ciwon ma Dogo ya riga shi. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi sai ƙafar hagu ta kumbura suntum. Aka ce jini ne ya daskare a jijiya. Ya sha magani, ya koma bakin kujerarsa, amma kumburin bai taɓa sauka duka ba. Idon sawu ya yi baƙi, fatar ta yi tauri kamar ƙirgi, daga baya ta fashe ta zama gyambon da ke warkewa ya sake buɗewa lokacin da ya ga dama. Na Auta kuwa bara waccan ya fara, shi ma ƙafar hagu, nauyi da kumburi in yamma ta yi. Ko ƙwarzane babu a fatarsa. Amma yadda yake kuka da ita, sai ka rantse a kansa aka fara ciwon ƙafa a duniya.

Kuma Dogo ne ya samo labarin likitar. Wani direban motar asibiti ne, yana kan kujera ana gyara masa gemu, ya ce akwai wata likita da ke buɗe jijiyar da ta toshe ba tare da an yanka mutum ba. Dogo ya riƙe maganar. Ya yi ta sintiri, daga wannan taga zuwa wancan ofis, yana jan ƙafa a kan matakala, har aka ba shi rana. Ya ce wa Auta ya raka shi, don kawai ya samu mai riƙe masa hannu wajen hawa bas. Rakiya ce ta kawo Auta. Yana jingine da ƙofa yana danna waya, likita ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kai ma ɗage wandonka in gani."

Aka yi musu hoto su biyun. Da suka dawo karɓar sakamako, da Auta ta fara.

"Babbar jijiyar da ke kwashe jinin ƙafar hagu ta mayar da shi zuciya ce ta matse a cikin ƙugu, kamar mutum ya taka tiyo," ta ce. "Za mu shiga ta cinya da siririyar waya, mu hura ɗan balan-balan ya buɗe wurin, mu bar wata 'yar raga ta ƙarfe mai siffar bututu ta tokare shi. Sitent muke ce mata."

Sannan ta juyo wajen Dogo, ta cire tabarau. Tun daga cire tabaran nan ya san amsarsa.

Wayar Auta ta yi ƙara a aljihunsa, ta dawo da shi baranda. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shagonsu ne, yana tambaya ko an shiga. Bai gama sa ta a aljihu ba makanike ya kira, bayansa mai gyaran waya, bayansa wata tsohuwa da Dogo bai ma gane ta ba, tana ta zuba addu'a. Kowa sai ya ce a gaida Auta. Tasa wayar sau ɗaya ta yi motsi, matarsa ce, ita ma abin da ta ce shi ne, "An shiga da shi?"

"Yaya, ka ga abin da na saya masa," in ji matar Auta. Ta zaro kwali daga cikin leda ta buɗe. Takalmi ne sau-ciki, ruwan ƙasa, mai igiya, sai ƙamshin sabuwar fata yake. "Ya daɗe yana kallonsa a shagon nan na bakin titi. Na ce yau zan ba shi mamaki."

"Ya yi kyau," in ji Dogo.

Rabonsa da takalmi mai igiya a ƙafa biyu har ya manta. A ƙarƙashin gadonsa akwai takalman hagu a jere, sababbi ful, waɗanda 'yan'uwansu na dama suka tsufa suka mutu suka bar su.

Wayar Auta ta sake ƙara. Ya ɗaga.

"Auta, kai ne? Ya jikin?"

Ya gane muryar nan take. Tsohon hedimasta ne, mutumin da Dogo ke aske wa kai tun gashinsa yana baƙi wuluk. Ya san kan nan kamar tafin hannunsa, ya san ɗan ƙurjin da ke bayan kunnen hagu da ake kauce wa da reza.

"Dogo ne, Malam. An shiga da shi."

"A'a, Dogo! Ashe kana can. To madalla, madalla." Hedimasta ya yi gyaran murya. "Yaushe kake ganin zai dawo shago? Sumar nan tawa ta taru, na ce bari dai in jira shi."

Sai yanzu Dogo ya gane. 'Yan watannin nan hedimasta ba ya zuwa sai ranar da shi ya tafi wankin gyambo, in ya dawo a ce, "Ai Malam ya zo bai same ka ba, Auta ya yi masa." Shi kuwa ya ɗauka katari ne.

"Ai za ka daɗe kana jira, Malam," ya ce, ya juya wa matar Auta baya, ya rage murya. "Aikin ba ƙarami ba ne. Ƙarfe za a sa masa a ciki. Ko zai sake iya tsayuwa a bakin kujera, Allah ne masani."

"Subhanallahi! Har abin ya kai haka?"

"Sai dai addu'a."

Ya kashe wayar. Wani daɗi ya ratsa shi, irin na sosa ƙaiƙayi, kafin ya kai ga mayar da ita aljihu ya rikiɗe ya zama ɗaci a maƙogwaro. Ya zauna yana kallon wani ma'aikaci na goge ƙasa, yana zagaye kwandon sharar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Ba a daɗe ba wayar matar Auta ta yi ƙara. Ta ɗaga da fara'a, sai fara'ar ta ɗauke. Ta miƙe tsaye, ta dafe ƙirji.

"Wai me? In ji wa? A'a, ni ba a gaya min ba."

Ta sauke wayar ta tsaya a gabansa.

"Yaya, wai ana ta faɗa a layinmu ba zai ƙara tsayuwa ba. Don Allah, akwai abin da likita ta gaya maka da ta ɓoye mana?"

"Surutun mutane ne."

"Sun ce daga bakinka aka ji."

"Cewa na yi Allah ne masani. Ƙarya na yi?"

Ta dube shi. Ba ta taɓa haɗa ido da shi haka ba tun da aka kawo ta gidansu. Ta koma mazauninta, ta ɗauke kwalin takalmin daga tsakaninsu ta rungume shi a cinya.

Rana ta take tsaka lokacin da ƙofar ta buɗe. Likita ta fito da hula a ka, da wata riga mai nauyi da suke sawa don kare jiki daga hasken hoto, gumi ya jiƙa mata wuya.

"An gama, lafiya lau," ta ce. "Ku zo ku gani."

Ta shigar da su wani ɗan ɗaki mai tebur da kwamfuta. A hoton farko, wani baƙin layi ya taso daga ƙasa, da ya iso ƙugu sai ya sirance kamar zare, ƙananan rassa suka watsu hagu da dama suna neman mafita. Ta danna. A hoto na biyu layin ya miƙe ɓul-ɓul, da faɗi, tun daga ƙasa har sama, rassan nan duk sun ɓace. In ka ƙura ido kana iya ganin saƙar ragar a gefe da gefe, siririya, tsaf-tsaf.

Matar Auta ta rufe baki da hannu tana ta alhamdulillahi. Dogo ya kasa ɗauke ido. A rayuwarsa bai taɓa ganin abin da ya yi masa kyau kamar baƙin layin nan ba, bai kuma taɓa son wani abu na wani kamar yadda ya so shi ba.

Nas ta leƙo ta ce mai jiki na neman matarsa. Matar Auta ta fita da sauri. Dogo bai motsa ba.

"Likita, ki sake duba nawa."

"Baba, na duba. Ba sau ɗaya ba."

Baba. Auta kuwa Malam take ce masa, alhali ratar da ke tsakaninsu ba ta kai haka ba.

"Ai ni na fara zuwa," ya ce. "Ni ne mai ciwon. Shi rakiya ya zo."

"Na sani." Ta zame rigar mai nauyi ta rataye, ta zauna, ta nemo hotonsa. Babu layi a nasa ko kaɗan, sai rassa birjik sun cukurkuɗe kamar gashin da aka share aka tara. "Ka ga bambancin? Tasa matsewa ta yi a wuri ɗaya, ƙasa da wurin jijiyoyinsa lafiya suke, jini na tahowa da ƙarfinsa. Taka daga ƙugu har bayan gwiwa ta zama tabo. Ragar nan ba ta jawo jini, hanya kawai take buɗewa. In babu isasshen jinin da zai bi ta ciki, daskarewa zai yi, ta toshe, ka koma abin da ya fi na yanzu muni. Ƙananan hanyoyin nan da jikinka ya yi wa kansa su ke riƙe da ƙafar. Ba zan yi wasa da su ba."

"Ki sa min ko da za ta toshe. In ji yadda ake ji, ko na mako guda ne."

Ta daɗe tana kallonsa. "A'a, Baba."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin shago a hannu.

"Tsayuwa ce, ko? Ni nake wuni a tsaye tun yana yaro. In mutane suka yi yawa ni nake cewa ya je ya zauna ya huta, in ƙarasa. Har ranar da ƙafar ke tsiyaya ban taɓa rufe shago ba."

"Tsayuwa tana ƙara kumburi, tana hana gyambon rufewa, wannan gaskiya ne. Amma ba ita ta toshe jijiyar ba. Jinin gidanku ne mai saurin daskarewa. Kai ya zo maka da ƙarfi, kuma a lokacin da ba mu iya wannan aikin ba. Ba laifin kowa ba ne."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Ya shigo da laifin a hannu, ya rasa wanda zai ɗora wa.

"Gyambon nan zai iya warkewa," ta ci gaba. "A naɗe shi da matsi yadda ya kamata, ka riƙa ɗaga ƙafar, ka nemi doguwar kujera ka riƙa aiki a zaune."

"Mai aski a zaune?"

"Likitan haƙori a zaune yake aiki, ban ji wanda ya mutu ba."

Ta yi murmushi don ya yi. Bai yi ba. Ya yi mata godiya kamar yadda ake yi, ya dafa tebur ya miƙe.

A ɗakin hutu ya tarar da Auta a kishingiɗe, an manna masa filasta a cinya, yana shan shayi da biskit, yana kuma ba nas biyu dariya a lokaci guda.

"Yaya! Wallahi kamar an sauke min buhu daga ƙafar nan. Bayana ne dai ke ciwo kamar an doke ni da taɓarya."

"Ciwon bayan na 'yan kwanaki ne, ragar ce ke zama a wurinta," in ji babbar nas. "Kumburin kuma sai a hankali, kada ka fara cika baki. Ka saurare ni da kyau. Maganin tsinka jinin nan kullum, ko kana jin garau. Safa mai matsi kullum. Sannan tafiya. Ba a so ka kwanta ka langwaɓe, tafiya ce abincin ragar nan."

"Kin ji ko?" Auta ya ce wa matarsa. "Daga yau in na fita yawo, umarnin asibiti ne."

Da aka ce ya tashi ya sa kaya, matarsa ta durƙusa ta buɗe kwalin. Auta ya yi ihu har mai gadon kusa ya buɗe ido. Na dama ya shige sumul. Na hagu ya tsaya a rabi, ta tura, ta sassauta igiya, ta sake turawa, ya ƙi. Dogo na tsaye a ƙarshen gado yana kallo, ya ji wani ɗan sanyi a ransa, ya ji kunyar sanyin, amma bai hana shi jin sa ba.

"Haba, yau-yau?" in ji nas. "Ku ba shi 'yan makonni, da kansa zai shige."

Matar Auta ta mayar da takalmin cikin kwali. Ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, "Ka san a layinmu har an fara yi min jaje? Wai Yaya ya ce ba za ka ƙara tsayuwa ba."

Dogo ya kawar da kai. Auta ya dube shi, ya dubi matarsa, sai ya fashe da dariya har ya dafe baya.

"Ai Yaya ya fi ni tsoro! Ba ki san shi ba ne. Tun muna yara haka yake, in na yi tuntuɓe shi ke jin zafi." Ya miƙo hannu ya kama na Dogo ya riƙe gam. "Ka kwantar da hankalinka, ga ni garau. Kuma ba don kai ba, ina zan san hanyar wurin nan?"

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Dogo ya tsaya da hannunsa cikin na ƙanensa, ya kasa zarewa, ya kasa riƙewa. Matar Auta ta zuba wa bango ido.

"Na ma yi tunani ina kwance a can," in ji Auta yana ɗaura agogo. "Da na miƙe, ni zan riƙa tsayuwa a kujerun nan biyu. Kai ka samu wuri ka miƙe ƙafa, ka riƙa hira da mutane. Ka yi naka, Yaya, lokacin hutunka ne."

"Ni na ce maka na gaji?"

"A'a, ni dai na ga..."

"In na gaji zan faɗa da bakina."

Auta ya mayar da ido kan agogonsa. Nas ta miƙo ledar magani ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Rana ta yi sanyi suka fito. Suka samu bas a bakin asibiti, Dogo ya shige jikin taga, Auta a gefensa, matarsa a kujerar baya da kwali a cinya. Wurin ya yi wa Dogo kaɗan, gwiwarsa na tokare da kujerar gaba, ƙafar na ƙasa tana cika tana bugawa kamar da zuciya a cikinta. Auta na ta gyara zama saboda bayansa.

Sun kusa shatale-talen da ke kafin unguwarsu suka faɗa cunkoso. Motoci sun tsaya cak, sai ƙarar ham da hayaƙi. Direba ya kashe inji ya leƙa da kai yana faɗa da wani mai babur.

"Zaman nan kashe min baya yake," in ji Auta. "Ai mun kusa. An ce in riƙa tafiya, mu taka kawai." Ya miƙe, ya miƙo hannu. "Yaya, taso."

"Ku je, zan same ku."

Auta ya dubi bandejin, ya dubi nisan titin, ya fara komawa mazauninsa. "To mu zauna, ai yanzu za a wuce."

"Na ce ku je!"

Muryar ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba, har mutanen gaba suka waiwayo. Matar Auta ta taɓa kafaɗar mijinta, suka sauka.

Suna sauka kuwa aka ɗan saki hanya. Bas ta tashi, ta wuce su suna tsaye a gefen titi suna jiran babura su ba su wuri. Dogo ya bi su da ido har suka koma baya, ya gyara zama, ya saki numfashi. Ba a yi nisa ba direba ya sake taka burki. Wannan karon tsayuwar ta gaske ce.

Bai so ya waiwaya ba, amma ya waiwaya. Ga su can suna tahowa a gefen masu sayar da kayan marmari, Auta cikin farar riga da tsofaffin silifansa, yana takawa a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Sai ya ga Auta ya ce mata wani abu, ya zare hannunsa, ya ci gaba shi kaɗai. Ɗingishin na nan, amma ba ya jan ƙafar, ɗaga ta yake. Dogo ya san bambancin fiye da kowa a titin nan.

Suka iso daidai tagarsa. Auta ya bubbuga jikin bas da tafin hannu, ya ɗago kai yana murmushi kamar babu abin da ya faru, ya yi masa alama da yatsa cewa sai ya iso. Suka wuce. Suka wuce motar gaba, da ta gabanta.

"Wancan mai ɗaga maka hannu, naka ne?" in ji wani mutum daga kujerar baya.

"Yau aka yi masa aiki a jijiya," in ji Dogo.

"Yau ɗin nan? Kuma yake tafiya haka? Kai, wasu dai da sa'arsu aka haife su."

Dogo ya dafe gwiwa. Ƙafar ta ishe shi. Ya sa hannu biyu a ƙarƙashin gwiwa ya ɗago ta, ya juya ya shimfiɗa ta a gurbin da Auta ya tashi. Kujerar da sauran ɗumi. A hankali zugin ya fara lafawa, shi kuwa ya manna kai a gilashi yana neman farar rigar nan a cikin mutane, yana ganinta tana ɓacewa tana ɓullowa, har ta sha kwana.

Kwandasta ya ratso tsakanin kujeru ya tsaya a kansa.

"Baba, sauke ƙafa mana. Wurin mutum ne."

"Wurin ƙanena ne," in ji Dogo, bai ɗago kai daga gilashin ba. "Shi ba ya buƙatarsa."